Sanduna 12 cikin minti 20: yadda ake bayanin jadawali a rubutun IELTS

Wata ma'aikaciyar jinya daga Gombe ta aiko da wannan tambaya a kan IELTS, jarrabawar auna iya Turanci da ake nema wajen masu zuwa aiki ko karatu a ƙasashen waje: "Malam, barka da aiki. Ina neman rajista da hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya. A jarrabawar IELTS na samu 7 a karatu da saurare da magana, amma rubutu ya tsaya a 6. Jadawalin sanduna ne ya fito mini a aiki na farko, kuma wallahi babu adadin da na bari, duk sai da na rubuta su. To ina matsalar take?"

Sista, sannu da ƙoƙari, Allah Ya sa a dace. Wadda ta ci 7 a fanni uku ba Turanci ne ya gagare ta ba. Matsalar tana cikin abin da kika faɗa da bakinki, cewa babu adadin da kika bari. Ai ba a ce ki kwaso duka ba. Umarnin da ake sakawa tare da jadawalin sanduna, wato zanen da tsawon kowace sanda ke nuna adadi, cewa yake: "Summarise the information by selecting and reporting the main features, and make comparisons where relevant." Wato ki taƙaita, ki zaɓo manyan abubuwa, ki kwatanta inda kwatanci ya dace. Wanda ya bi sanduna ɗaya bayan ɗaya yana karanto adadin kowacce bai taƙaita ba, bai zaɓa ba, bai kuma kwatanta ba, komai kyan nahawunsa.

Hukumar ma'aikatan jinyar ta Birtaniya, wato NMC, 6.5 take nema a rubutu, saboda haka rabin maki ne tsakaninki da biyan buƙata. Takardar rubutun awa ɗaya ce. Aiki na farko, wato jadawalin, ana so ya ci kamar minti 20 da kalmomi aƙalla 150. Aiki na biyu, insha'i, minti 40 da kalmomi aƙalla 250, kuma nauyinsa a maki ya ninka na farko. Mai duba takarda yana auna aikin farko da ma'auni huɗu masu nauyi ɗaya: cika abin da aka tambaya, tsari da haɗuwar zance, wadatar kalmomi, sai nahawu. Waɗannan ma'aunai ba sirri ba ne, masu jarrabawar sun wallafa su a intanet. Idan kika duba bayanin maki 5 a ma'auni na farko za ki ga siffar takardar da kika kwatanta mini: zayyana bayanai filla-filla ba tare da an fito da hoton gaba ɗaya ba. Daga 6 zuwa sama kuwa sai da dunƙulallen bayani, abin da suke kira "overview", kuma mai neman 7 sai nasa ya fito fili sarai.

Ke ma kin san wannan aikin a asibiti. Idan za ki miƙa aiki ga masu dutin dare, ba kya tsayawa ki karanto musu kowane awon jini da kowane zafin jiki na dukan marasa lafiya tun daga safe. Cewa kike yi yawanci da sauƙi, amma mai gado na huɗu zazzaɓinta ya hau, mai gado na bakwai kuma ta fi jiya kuzari. Sai kin gama wannan sannan ki kawo adadin da ke tabbatar da maganarki. Haka mai duba takarda yake so a miƙa masa jadawali.

Bari mu ɗauki jadawali na gida don maganar ta zauna. A ce an zana yawan jama'ar jihohi shida na Arewa maso Gabas bisa ƙidayar 1991 da ta 2006, kowace jiha da sanda biyu, adadin kuma a miliyoyi. A 1991: Adamawa 2.10, Bauchi 2.86, Borno 2.54, Gombe 1.49, Taraba 1.51, Yobe 1.40. A 2006: Adamawa 3.18, Bauchi 4.65, Borno 4.17, Gombe 2.37, Taraba 2.29, Yobe 2.32. Sanduna 12 ke nan.

Kafin ki rubuta ko harafi ɗaya, ki ba wa jadawalin minti uku na kallo kawai. Ki karanta kansa. Ki duba layin tsaye da na kwance ki ga da me ake awo: mutane ne, kuɗi ne, tan ne, ko kashi cikin ɗari? Dubbai ne ko miliyoyi? Ki duba wane launi ne na wace shekara. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta amsa mai kyau tun daga sama har ƙasa, ashe ya musanya launin maza da na mata, duk adadinsa sun koma ƙarya. Bayan haka sai ki ɗan ja da baya, ki daina kallon lambobi, ki kalli tsawon sandunan. Wace ce ta fi tsawo? Waɗanne ne suka yi kusa da juna? Akwai abin da ya faru da kowa? Akwai wadda ta saɓa wa sauran?

A namu jadawalin ido zai ba ki amsa nan take. Kowace jiha ta ƙaru, babu wadda ta ragu. Bauchi da Borno ne a sama a shekarun biyu, kuma su ne suka fi ƙaruwa. Gombe da Taraba da Yobe suna can ƙasa, kafaɗa da kafaɗa. Adamawa tana tsakiya ita kaɗai. Wannan shi ne dunƙulallen bayaninki, kuma jimla biyu sun ishe shi: "Overall, the population of all six states grew considerably over the period. Bauchi and Borno were the most populous in both years and saw the largest increases, while Gombe, Taraba and Yobe remained much smaller and close to one another." Ki lura babu adadi ko ɗaya a ciki. Ba doka ba ce a ce kada adadi ya shiga, amma ina hana ɗalibaina, domin da zarar lamba ɗaya ta shigo sai 'yan'uwanta su biyo ta, sakin layin ya rikiɗe ya koma lissafi. Kuma ki ajiye shi a sama, bayan jimlar gabatarwa. Ana karɓarsa a ƙarshe ma, sai dai idan lokaci ya ƙure, abin da ke ƙarshe shi ake rasawa, wannan kuwa ba abin rasawa ba ne.

Jimlar gabatarwa ba ta da wuya. Ki sake faɗin abin da tambayar ta ce da kalmominki, saboda abin da aka kwafo kai-tsaye daga takardar tambaya ba a lissafa shi. Idan an rubuta "The chart below shows the population of six states", ke sai ki ce "The bar chart compares the number of people living in six north-eastern states of Nigeria in 1991 and 2006." Shi ke nan, ki wuce. Kada ki ɓata minti biyar kina neman wata kalmar da za ta maye gurbin sunan da ba shi da madadi.

Inda aikin yake shi ne rabon sakin layi biyu da suka rage. Yawancin ɗalibai abin da ke fara zo musu shi ne su ba wa 1991 sakin layi ɗaya, 2006 ɗaya. Yana da kamar tsari, amma tarko ne. Abin da ake so ki kwatanta, wato Bauchin 1991 da Bauchin 2006, kin raba su gida biyu, mai karatu sai ya riƙa komawa sama yana neman lambar da ya wuce. Gara ki raba bisa abin da idonki ya gani: manyan jihohi uku a sakin layi ɗaya, ƙananan uku a ɗayan. Da haka kwatanci zai zo da kansa, ta fuska biyu kuwa: jiha da jiha, da kuma shekara da shekara.

Ga yadda sakin layin manyan zai iya farawa: "Bauchi had the largest population in both years, rising from 2.86 million to 4.65 million, followed by Borno, where the figure grew from 2.54 million to 4.17 million." Jimla ɗaya, sanduna huɗu, matsayi biyu. Adamawa kuma a ce ita ce ta uku a duka shekarun, ta ƙaru da miliyan ɗaya da ɗan ɗoriya. A sakin layin ƙananan akwai wani abu da mai gaggawa ba zai gani ba, kuma irinsa ne yake raba takardar 6 da ta 7. A 1991 Taraba ce a gaban Gombe da Yobe, da ɗan tazara kaɗan. A 2006 duk sun wuce ta, ta koma ta ƙarshe. "Taraba was slightly ahead of Gombe and Yobe in 1991, but by 2006 both had overtaken it." Haka Yobe, wadda ta fi kowa ƙanƙanta a farko, ita ta fi kowa saurin ƙaruwa idan aka auna da girmanta, ta ƙaru da kusan kashi biyu cikin uku. Sannan akwai alaƙar da ke tsallaka sakin layin biyu: Bauchi ta kusa ninka Gombe a duka shekarun, "roughly twice as many people as Gombe". Irin wannan ɗan lissafin kai, rabi, ninki, sulusi, rubu'i, yana da daraja ƙwarai, don yana nuna kin fahimci adadin, ba kwafo shi kika yi ba. Amma ki tsaya a kan wanda kike iya yi da ka cikin daƙiƙa kaɗan. Ba jarrabawar lissafi ba ce, kuma lissafin da ya karkace ya fi rashinsa illa.

Da sanduna 12 mai yiwuwa ne kusan duka adadin su samu shiga ba tare da cunkoso ba. Idan aka ba ki ƙasashe biyar da abubuwa huɗu kowacce, sanduna 20 ke nan, dole wasu su tsaya a waje. Abin da ba a yafewa shi ne a bar rukuni sukutum ba a ambace shi ba. Ki taɓa kowace ƙasa, ko da a rabin jimla ne, amma ba kowace lamba ba.

Yanzu ga abin da na san zai yi miki ƙaiƙayi a matsayinki na 'yar Gombe. Kin san babu jihar Gombe a 1991, sai ranar 1 ga Oktoban 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire ta daga Bauchi, adadin 1991 ɗin nan ma daga ƙananan hukumomin da suka koma Gombe aka tattara shi. Kin kuma san ba a taɓa gama ƙidaya a ƙasar nan ba tare da gardama ba. Duk gaskiya ne, amma ko kalma ɗaya daga ciki kada ta shiga takardarki. Haka nan kada ki ce jama'a sun ƙaru saboda yawan haihuwa ko shigowar baƙi. Jadawalin bai faɗa ba. A aiki na farko ba a neman dalili, ba a neman ra'ayi, ba a neman shawara ga gwamnati. Masu ilimi sun fi faɗawa wannan ramin, musamman ma'aikatan lafiya idan jadawalin ya shafi cuta ko asibiti, sai hannu ya ƙi tsayawa. Ki adana ra'ayin, aiki na biyu yana jiransa.

Akwai kuma bambancin da dole ki tantance tun a mintin farko: jadawalin nan akwai lokaci a cikinsa ko babu? Namu yana da shekara biyu, saboda haka "rose" da "increased" da "grew" sun halatta. Amma da yawa daga jadawalan sanduna hoton lokaci ɗaya ne, misali adadin maza da mata a sana'o'i biyar a shekara guda. A nan babu abin da ya hau, babu abin da ya sauka. Ɗalibin da ya haddace kalmomin hawa da sauka sai ya rubuta cewa adadin ya ragu daga malaman makaranta zuwa likitoci, alhali malamai ba su rikiɗe sun zama likitoci ba. Irin wannan jadawalin kalmomin fifiko kawai yake so: "higher than", "the lowest", "as many as", "whereas". Ko a namu mai shekara biyu akwai iyaka. Ba za ki ce "gradually" ko "steadily" ko "fluctuated" ba, domin sanda biyu kawai aka nuna miki, abin da ya faru cikin shekara 15 da ke tsakaninsu ba ya cikin zanen.

Ta fuskar nahawu, kurakuran da nake gani a takardun Hausawa kusan iri ɗaya ne, kuma tushensu sananne ne. Mu da aikatau ɗaya muke gama kwatanci: Bauchi ta fi Gombe yawan jama'a. Turanci kuwa sifa yake lanƙwasawa, shi ya sa ake samun "Bauchi is more than Gombe in population" ko "more higher". Daidai shi ne "Bauchi had a larger population than Gombe". Ki kuma kula da wanda jimlar take magana a kansa. "Gombe was 2.37 million" kuskure ne, Gombe ba miliyan ba ce, jama'arta ne miliyan: "Gombe had 2.37 million people" ko "the figure for Gombe was 2.37 million". Kalmar "million" ba ta ɗaukar harafin jam'i idan lamba ta gabace ta. Abin da ake ƙirgawa "number" ne, abin da ake aunawa kamar ruwa ko kuɗi "amount". Sai "by" da "to", waɗanda ƙanana ne a ido amma suna juya adadi gaba ɗaya. Zafin jikin da ya hau zuwa 39 daban, wanda ya hau da 2 daban. Jama'ar Bauchi "rose to 4.65 million", amma "rose by about 1.8 million". Wanda ya musanya su ya yi kuskuren nahawu, ya kuma ba da bayanin ƙarya, an cire masa maki a ma'auni biyu da harafi biyu.

Idan jadawalin na kashi cikin ɗari ne, ki ƙara buɗe ido. Kashi mafi girma ba lallai ne ya zama mutane mafi yawa ba, don haka kada ki ce "more people" inda aka nuna "a higher percentage". Tashi daga kashi 20 zuwa kashi 30 kuma ƙarin "10 percentage points" ne, ba ƙarin kashi 10 cikin ɗari ba. Lokacin aikatau kuwa shekarar da ke jikin jadawalin ce take yanke shi: shekarun baya shuɗaɗɗen lokaci, idan babu shekara lokacin yanzu, idan hasashen gaba ne "is expected to" ko "is projected to".

Sau da yawa ba a rubuta lamba a kan sanda, sai ki ga ta tsaya tsakanin layi biyu. Kada ki ƙirƙiro mata adadi mai ɗigo. Ki ce "just under 40", "slightly over 25", "roughly half". Akwai kuma sanduna masu hawa-hawa, inda ake ɗora rukuni a kan rukuni cikin sanda ɗaya. A nan darajar kowane yanki tsawonsa ne, ba inda kansa ya kai ba. Yankin da ya fara daga 30 ya ƙare a 50, ashirin ne, ba hamsin ba.

Wani abu kuma da ba na gajiya da faɗa. Mun taso a makarantun da ake tafa wa mai manyan kalmomi ranar muhawara, sai muka ɗauka mai duba IELTS ma haka yake. Ba haka yake ba. Jimlolin hadda irin su "it is crystal clear from a cursory glance" ya gan su har ya gaji, kuma ya san ba naki ba ne. "Skyrocketed" a kan ƙarin da bai taka kara ya karya ba kuskuren ma'ana ne, ba gwaninta ba. Abin da ma'aunin kalmomi yake nema shi ne kalmar da ta dace da girman abin: "slightly" ga tazarar Taraba da Gombe, "considerably" ga tazarar Bauchi da Yobe. Haka kalmomin haɗi. Ba sai kowace jimla ta fara da "Moreover" ko "Furthermore" ba. A aikin kwatanci "while" da "whereas" da "by contrast" sun fi su amfani nesa ba kusa ba, don su ne ke ɗaure abu biyu a jimla ɗaya. Kuma a cikakkun jimloli ake rubutawa, ba a jerin ɗige-ɗige ba.

Game da tsawo, kalmomi 170 zuwa 190 sun wadatar. Wanda ya kai 250 a aikin farko yawanci lambobi ya jera, kuma ya ci lokacin insha'in da ya fi maki. Idan a kwamfuta za ki rubuta, adadin kalmomin yana fitowa a allon, ba sai kin ƙirga ba. Ki bar minti biyu ko uku na ƙarshe don abu ɗaya: ki bi kowace lamba da kika rubuta ki gwada ta da sandarta. Ko kin fara da aiki na biyu ko da na farko, ni ban damu ba, muddin jadawali bai wuce minti 20 ba.

Wajen atisaye, kada ki fara da rubuta cikakkiyar amsa kullum. Ki samo tambayoyin gwaji na IELTS da Jami'ar Cambridge ke bugawa, ki ɗauki jadawali goma, kowanne ki rubuta masa dunƙulallen bayani na jimla biyu kawai, ba lamba, cikin minti uku. Sai hannunki ya faɗa da wannan sannan ki koma cikakkiyar amsa. Ki fara da jihohin nan shida: ki zana sandunan da hannunki a takarda, ki saita agogon waya, ki rubuta. Idan kin gama, ki ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ta haɗa jiha biyu ko shekara biyu. Idan jimlolin da kika ja wa layi ba su kai rabin sakin layin bayani ba, ki sake rubutawa kafin ki kai wa wani malami ya duba.